Abin da Mai Keke Ke Gani: Tsakanin Damagaram da Ƙasar Holan

 

  

Garin nan namu ya daɗe yana shan kallon baƙi. A watan Janairun 1851, zamanin Sarki Ibrahim, wani Bature ɗan Ingila mai suna James Richardson ya sauka nan Zinder, wato Damagaram, ya yi ƴan makonni yana rubuta duk abin da idonsa ya faɗa a kai: ungulayen da ke kwashe ƙazantar gari, itacen da ake zartar da hukuncin kisa a gindinsa, bayin da ake korowa daga hari. Bai kai Kukawa ba ajali ya cim masa a hanya, amma takardunsa sun isa Landan, aka buga su a 1853. Abokin tafiyarsa, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya raɗa wa kansa suna Abdulkarim, ya shigo garin nan ranar 25 ga Disamba 1852, ya yi wata guda da ƴan kwanaki yana jiran kuɗi da guzuri kafin ya miƙa Katsina, Sakkwato, har Tambutu. Shi ma ya rubuta namu. Duk wanda ya shiga ɗakin karatu a Turai yana neman sanin yadda kakanninmu ke ci da sha da ciniki, ta bakin waɗannan mutane zai ji.

A cikin ayarin Barth kuwa akwai wani yaro da ba a cika ambatonsa a lakkol ba. Dorugu sunansa, ɗan wani ƙauye da ake kira Dambanas a wajen Kance, an haife shi wajen 1840. Hari ya ci shi yana ƙarami, aka kawo shi nan Zinder, ya yi ta sauya hannu har Kukawa, inda ya sami ƴanci ya shiga hidimar Turawan. Ya bi Barth har Tambutu, ya ƙetare Sahara tare da shi, a 1855 ya taka Landan, ya kuma ga Jamus. Wani malamin mishan, J. F. Schön, ya zaunar da shi ya rubuta labarinsa da Hausa daga bakinsa, aka buga a littafin Magana Hausa a 1885. Abin da ya fi burge ni shi ne yaron nan bai tsaya ga manyan gine-gine kaɗai ba. Teburin cin abincin Ingilishi ya zura wa ido: yadda maza da mata ke zama wuri guda, da wuƙa da cokali mai yatsu, da abin da ake fara kawowa da abin da ke biyo baya. Yadda Richardson ya kalle mu, haka ɗan Kance ya kalle su, ba tare da jin cewa su sun fi ƙarfin a kalle su ba. A Kano ya rasu, a 1912.

Irin wannan kallon nake so mu yi hira a kai yau, sai dai ni nawa a kan keke na yi shi. Tun ina saurayi nake taka keke a hanyoyin jihar nan: Mirya, Gidimuni, Dogo da Bande har Magarya, Takeita zuwa Matamaye da Kance. Daga baya wani kwas na aiki ya kai ni ƙasar Holan, aka ara mini keke, duk ranar da ba karatu sai in fita ƙauyukansu. Mai mota ta gilashi yake ganin gari, kafin ya gane abin da ya gani ya wuce. Mai tafiya ƙasa kuma ba ya nisa. Mai keke yana cin kilomita masu yawa a wuni, amma ba shi da inda zai ɓuya. Dole ya yi sallama, dole ya roƙi ruwa, dole ya tambayi hanya, dole tayarsa ta yi faci a inda bai san kowa ba. A waɗannan wurare ne halin mutane ke fitowa.

Mu fara da gida. Wanda zai je Mirya, kusan kilomita 20 gabas da nan, ya fita bayan sallar asuba, musamman in ranar Lahadi ce, ranar kasuwarsu. Lokacin ɗari iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ita za ka yi ta ɗauka da ƙirji tun daga duwatsun bakin gari, a dawowa kuma ta tura ka kyauta. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, daga hantsi zuwa la'asar hanya ta ƙadangaru ce. Muddin kana kan kwalta da sauƙi. Da ka sauka ka bi hanyar amalanke sai rairayi ya riƙe taya, ka koma kai ne ke ɗauke da keken. Ga tsidau da ƙayar aduwa suna jiranka, ga ƙarangiya a bakin wando.

Mai facin ƙauye kuwa malami ne a fanninsa. A gindin itace yake, da tsohon famfo, da kwanon ruwa wanda launinsa ya gaya maka tun jiya ake aiki da shi. Zai kifa keken bisa sirdi, ya zaro tiyub ɗin, ya ba shi iska, ya riƙa nutsa shi cikin ruwa kaɗan-kaɗan yana juyawa har kumfa ya tona asirin hujin. Ya soka tsinke don kada wurin ya ɓace masa, ya kankare, ya shafa sholisho, ya hura, ya yanko ɓallin tsohon tiyub ya manna, ya danne da gindin filaya. Bai gama ba sai ya bi cikin tayar da yatsa ya ciro ƙayar da ta yi ɓarnar, ya nuna maka ita a tafin hannu don ka shaida. Ka ce nawa ne, ya ce: "Haba Malam, kawo abin da ya sawwaƙa." Ga tarkon da baƙo ke faɗawa. Aikin yana da farashi, kowa a wurin ya san shi, har yaran da suka kewaye ku. Ana dai gwada ka ne a ga ko ka san mutunci. In kuma ya yanke maka ya ce dala ashirin, wanda bai saba da ƙirgenmu ba zai miƙa abin da bai kai ba, don bai san a nan kowace dala tamma biyar ce ba. Ka gangara wajen Magarya ko Matamaye sai lissafin ya ƙara rikicewa, naira da sefa suna yawo a faifan mai ƙosai guda.

Tambayar hanya ma da ƙa'idarta. Ba a tsayar da dattijo a ce masa ina hanyar gari kaza. Sai ka sauka daga keke, ka yi sallama, a yi ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina sanyi, yaya iyali, sannan a zo kan magana. Amsar kuma kusan kullum ɗaya ce: "Ai ka iso, ga shi nan bayan tudun can." Bayan tudun akwai wani tudu. Ban ɗauki wannan a matsayin ƙarya ba. Mutumin da ke zuwa kasuwa da ƙafa tun yana yaro ba ya ganin nisan abin da za a kai kafin azahar, kuma ba ya son ya karya wa baƙo gwiwa.

Abin da ya fi ɗaure wa mutanen karkara kai shi ne dalilin tafiyar. Daga ina? Daga Damagaram. Zuwa ina? Magarya. Lafiya dai? Lafiya lau, yawo ne kawai. Sai a yi shiru. A wurinmu tafiya tana da suna: fatauci, cin rani, neman karatu, zumunci, gaisuwar mutuwa, neman magani. Mutum da hankalinsa ya bar inuwa ya hau keke don ya ga ƙasa, wannan ba ya cikin lissafi. Wani ya ɗauke ka ma'aikacin gandun daji, wani mai ƙidayar haraji. Wani tsoho a wani ƙauye da ke kan hanyar Bande ya ja ni gefe, ya kwance bakin zanen aljihunsa, ya ce: "Ɗana, in kuɗin mota ne babu, kada ka ji kunya." Shi ya sa nake gaya wa matasa, duk garin da za ka kwana ka fara da ƙofar maigari, ka faɗi sunanka da na mahaifinka da unguwarku, balle a wannan zamani da kowa ke ɗar-ɗar da baƙuwar fuska.

To mu ƙetara. Holan ƙaramar ƙasa ce, faɗinta wajen murabba'in kilomita 41,500 ne, jihar Damagaram ta ninka ta fiye da sau uku. Shimfiɗe take kamar faifai, kusan kashi ɗaya cikin huɗu nata ma yana ƙasa da bakin teku, ganuwar ƙasa da injinan zuƙar ruwa ke tsare da ita. Mutanenta wajen miliyan 18 ne, kekunansu sun haura miliyan 22. Sun shimfiɗa wa keke hanyarsa ta kansa fiye da kilomita 35,000, kuma fiye da rubu'in duk fitar da mutum zai yi daga gida a kan keke ake yin ta. A tashar jirgin ƙasa ta birnin Utrecht akwai ma'ajiyar kekuna mai ɗaukar 12,500. Iskar da muke kuka da ita wata uku su shekara suke yi da ita, ga ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, amma za ka ga tsohuwa mai furfura tana taka keke da lema a hannu, uwa da yaro a gaba yaro a baya, mai kwat da jakar ofis. Kekunan ba na ado ba ne: baƙaƙe, masu nauyi, sun sha tsatsa, wasu sai ka mai da feda baya suke tsayawa. Sarƙar da ake ɗaure su da ita ta kan fi keken tsada, don sata a wurinsu ma tana nan daram, kuma kowace shekara ana tsamo kekuna fiye da 10,000 daga magudanan ruwan Amsterdam.

Can ba a tambayar hanya. Sun ba kowace mahaɗa lamba, kafin ka fita sai ka rubuta lambobin a takarda ka manna a kan keke, ka yi ta bi daga wannan allo zuwa wancan. Kana iya wuni kana tafiya ba ka buɗe baki ba. Ranar farko abin ya yi mini daɗi. Da aka kwana biyu sai na ga ina ratsa ƙasar mutane ba tare da na san muryar kowa ba, na koma tsayawa da gangan ina tambayar abin da na riga na sani. Amsa kuwa za a ba ka ita daidai: kilomita kaza, ka juya hagu a gada ta biyu. Ba gajiya, ba iyali. An gama, sai anjima.

Abin da ya fi tsaya mini a rai tagoginsu ne. Gidajen suna bakin hanya, tagar falo ƙatuwa, da yawa ba sa sakin labule ko da dare. Da ƙarfe shida na yamma, kana wucewa a kan keke, gida bayan gida za ka ga iyali zaune a tebur suna cin dankali, fitila a kunne, kana ganin har hoton da ke jikin bango. Ka kwatanta da unguwarmu ta Birni: katanga doguwa, zanen magina a fuskar soro, zaure, wani zauren a bayansa, an karkata ƙofofin don kada ido ya miƙe zuwa tsakar gida. Wanda ya ga wannan zai ce su ne masu sakin jiki, mu ne masu ɓoyo. Sai ka je ka taɓa ƙararrawar ƙofarsu ba tare da alkawari ba. Za a buɗe, a tsaya a bakin ƙofa, a tambaye ka me ke tafe da kai. In ruwa ka roƙa za a karɓi gorarka a cika a kawo maka, da fara'a kuwa, amma kana waje. Ko ɗan'uwa na jini sai ya buga waya an duba littafin alkawura an ba shi rana, wani lokaci mako biyu gaba. In kana gidan mutum lokacin abincin dare ya gabato, ba mamaki a gaya maka cewa za su ci abinci yanzu, ma'ana ka kama hanya. A nan kuwa, gidan da ba za ka taɓa ganin tsakarsa ba, zaurensa naka ne. Ka yi sallama, a shimfiɗa tabarma, kafin a tambayi sunanka moɗar ruwa ta iso, fura na biye, kuma in tuwo ya sauka kana nan, da kai aka dafa.

Kada mu yi saurin yabon kanmu. Suna da wata ƙungiya da aka kafa a 1984, Vrienden op de Fiets, ta mutanen da ke sauke masu yawon keke a gidajensu: ka yi rajista, ka nemi masauki tun da wuri, ka biya ɗan abin da aka ƙayyade, a ba ka gado da karin kumallo. Na sauka a gidan wata dattijuwa ta wannan hanya. Na iso kafin lokacin da muka yi da ita, ta buɗe ƙofa ta dubi agogo, ta ce ɗakin bai kammala ba, in zaga gari in dawo. Raina ya sosu, na ce yau na ga rowa. Da na dawo ta nuna mini ɗaki, ta nuna mini firji, ta ɗora mabuɗin gidan gaba ɗaya a hannuna, ta ce za ta je wurin ƴarta sai dare, ta hau kekenta ta tafi. Baƙon da ba ta taɓa gani ba, daga wata nahiya. Mu da ke alfahari da karɓar baƙi, mutum nawa ne a zauren nan zai yi haka?

Kuma saukar baƙi a wurinmu ma ba ta rasa lissafi ba. Unguwar Zango da kanta masaukin ayari ce, na Abzinawa da Larabawan Gadamas da Tarabulus. Fatake su sauka a gidan maigida, ya ba su ɗaki da abinci, ya ajiye musu kaya, ya nemo masu saye, ya tsaya musu a kan bashi, shi kuma ya ci la'adarsa. A irin wannan harka attajirai kamar Malam Yaro suka yi suna. Yau mutanen Holan suna da wata manhaja a waya, Tikkie, wadda in kun sha shayi da aboki ya biya, kafin ka kai gida saƙo ya shigo yana neman kuɗin kofinka. A fadar samarinmu wanda ya yi haka ya gama yawo a unguwa. Amma ku tambayi iyayenmu mata da ke zaune a nan labarin biki. Wace ce ba ta san abin da wance ta kawo mata ranar suna ba, da abin da za ta mayar in nata ya zo, har da ƙari? Wasu a littafi suke rubutawa. Su suna karɓar bashinsu kafin rana ta faɗi a wuce wurin. Mu muna barinsa ya shekara, don igiyar da ke tsakani kada ta tsinke. Kowanne da nauyinsa: nasu yana barin tsoho shi kaɗai a gida da kare, namu yana hana mai albashi ganin ƙarshen wata.

Wasu abubuwan nasu dariya kawai suka ba ni. Kalandar ranakun haihuwar dangi a ban ɗaki suke rataye ta, wai a nan ne mutum ke da lokacin dubawa. Mu da ko sallama ba ma amsawa a wurin! In yaro ya ci jarrabawar gama sakandare sai a rataye jakarsa ta makaranta a sandar tuta a ƙofar gida, duk mai wucewa ya sani. Mu kuwa mai abin alheri ɓoyewa yake saboda baki. Ranar Litinin ta farkon kowane wata, da ƙarfe sha biyu na rana, jiniya ke tashi a duk ƙasar don gwaji. Ni kaɗai na tsaya ina neman wurin gudu, saura ko waiwaye.

Sai maganar baki. Mutumin Holan in abu bai yi masa ba zai ce bai yi ba, a gaban kowa, ko kai ne shugabansa. Ka gayyace shi ya ce ba ya so, bai ƙara da uzuri ba. Mu kuwa "to, mu gani" da "sai yadda hali ya yi" sun isa amsa ga mai hankali, kuma a gidajen da uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari ba za a rasa kunya a zance ba. Amma mun tanadi wurin da gaskiya ke fita tsirara: wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani, tsakanin taubasai, tsakanin jika da kaka. Bafulatani zai tare Babarbare a tsakiyar Kasuwar Dole ya faɗa masa abin da ko alƙali ba zai faɗa ba, a yi dariya a rabu. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan wasa na Nijar cikin kayan gadon ɗan Adam.

Yanzu ga inda nake so ɗalibai su buɗe kunne. Mai ziyara yakan ɗauka mutanen Holan da keke aka haife su. Bayan yaƙin duniya na biyu, da arziki ya samu, mota suka runguma, suka rushe unguwanni don faɗaɗa tituna, keke ya soma zama abin talaka. A shekarar 1971 kaɗai haɗarin hanya ya kashe mutum wajen 3,300, fiye da 400 daga cikinsu yara. Iyaye suka fito zanga-zanga suna cewa a daina kashe musu ƴaƴa, suka riƙa tare tituna. A 1973 ƙasashen Larabawa suka hana su man fetur, gwamnati ta hana tuƙa mota ranakun Lahadi, mutane suka ga yadda gari ke zama in babu ita. A 1975 masu keke suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa. Daga nan aka yi ta jayayya, gari bayan gari, titi bayan titi, har aka kai inda Mark Rutte, wanda ya yi firaminista daga 2010 zuwa 2024, ke zuwa ofis a kan keke, ranar da ya miƙa mulki ma a kansa ya koma gida. Abin da baƙo ke gani ya ce halinsu ne, shekara hamsin da suka wuce rigima ce.

Muna da irin wannan a ƙofar gidanmu, kuma mai keke ya fi kowa saninsa, don shi ke neman inuwa. Daga Mirya zuwa Magarya zuwa Matamaye gonaki cike suke da gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya yi ganye da rani ya ciyar da bisashe. Yaron da aka haifa yau zai ce haka Allah ya yi ƙasar. Dattawa sun san ba haka take ba bayan farin 1984. Manoma ne suka daina sare tohon da ke fitowa a gona, suka riƙa zaɓa suna sassabe masa suna tsaronsa, ba wanda ya kawo musu dashe. Ana ba da labari cewa tun zamanin Sarki Tanimu akwai hukunci mai tsanani a kan saran gawo, sai dai abin ya lalace a tsakani, aka sake ɗaga shi. Kuma cikin waɗanda suka sanar da duniya wannan aiki akwai wani masani ɗan Holan, Chris Reij, wanda tare da Mahamane Larwanou suka yi nazarin yankin nan a 2006. Da aka haɗa da hotunan tauraron ɗan Adam, an ƙiyasta cewa ƙasar da ta farfaɗo ta wannan hanya a Nijar ta kai eka miliyan 5 irin ta awon Faransa, wato hekta. Sai da baƙo ya zo ya yi mamaki sannan muka san mun yi abin mamaki.

Ina keke ya kwana a garin nan? Waɗanda suka manyanta sun tuna lokacin da Raleigh ke hannun malamin lakkol da akawu da ɗan kasuwa, a naɗe shi da roba mai launi, a sa masa madubi biyu, a goge shi kowace safiya. Yara suna haya, ƙafa ba ta kai ba, sai a zura ta ƙarƙashin sanda a tuƙa a karkace. Da babura masu araha suka cika kasuwa, kabu-kabu ya zama sana'a, sai keke ya koma hannun mai ciyawa, mai rake, mai gadi, da yaron da ke jigilar jarkoki a garin da ƙishirwa ba baƙuwarsa ba ce. Ma'aikaci ya zo ofis a kan keke, kafin ya kafe shi an tambaye shi sau uku: "Malam, lafiya? Babur ɗin ya lalace ne?" Saurayi ya je zance da shi kuwa, ƙannen yarinyar sun samu abin dariyar mako. Muna da matatar mai a hanyar Tanut tun 2011, amma ba a raba litar kyauta, kuma ɗalibin da ke biyan kabu-kabu safe da yamma, in ya tara kuɗin ƴan watanni, ya sayi keke na hannu mai kyau.

Na san abin da za a ce: zafi, rairayi, ƙura. Gaskiya ne, kuma ba na cewa a kwaso tsarin Utrecht a kife shi a Sabon Gari. Amma Wagadugu ba ta fi mu sanyi ba, can kuwa mata da maza, tsofaffi da ƴan makaranta, kan keke suke, manyan titunansu da gefen masu ƙafa biyu, kuma tun 1987 suke tseren keke na ƙasa da ake zuwa daga waje. A ƙauyukanmu yarinya takan bar karatu don kwalejin na wani gari, tafiyar ƙafa ta yi yawa, iyaye kuma ba sa son ta zauna gidan wani. Nisan da ke cinye mata sa'a biyu a ƙasa, a keke rabin sa'a ne. Abin da ya rage shi ne wa zai fara barin ƴarsa ta hau, da abin da maƙwabta za su ce, kuma wannan magana ce ta malamai da iyaye, ga su nan zaune.

Ga ma'aikatar magajin gari kuma, abin da ake bukata bai kai kuɗin shatale-tale guda ba: rumfa mai inuwa da mai tsaro a Kasuwar Dole da tasha da jami'a da manyan makarantu inda mutum zai kafe kekensa ya dawo ya tarar da shi, a riƙa kwashe yashin da ke taruwa a gefen kwalta don shi ke tura mai keke tsakiyar titi gaban manyan motoci, kuma duk sabon titin da za a shimfiɗa a bar masa gefe. Masu koyon walda da kanikanci a haɗa musu da gyaran keke, har da irin mai ɗaukar kaya da mai ƙafa uku na naƙasassu, waɗanda maƙeran garin nan suka riga suka iya ƙerawa.

Ɗaliban tarihi da na harshe, ku kuma ga aikin hutu. Ku haɗu biyu-biyu ko uku-uku, ku nemi izinin iyaye da takardar makaranta, ku ɗauki famfo da kayan faci da littafi, ku bi hanyar Gidimuni lokacin da lambuna ke kore, ko ku gangara Korama lokacin rake. Ku rubuta yadda ake gaisuwa a kowane gari, wa ke fara sha a rijiya, me ake ba baƙo, da wane kuɗi ake ciniki, wace rana ce kasuwa. Ku rubuta da Hausa, da kwanan wata, ku kawo wa malamanku a ajiye a ɗakin karatu na jami'a.

Ranka ya daɗe shugaba, na ga ana yi mini nuni da agogo, kuma magariba ta gabato. Nan zan dakata don masu tambaya su samu rabonsu.